Ranar da Katanga Ta Faɗi

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:16-40
A karanta kuma: Maimaitawar Shari'a 22:1-4, Obadiya 10-14, Luka 3:10-14
Ayar haddacewa: Afisawa 4:28

  Allah ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya.

Wata wasiƙa ce ta kawo bincikenmu na yau. Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga Mokolo, ya roƙa kada a faɗi sunansa ko sunan ƙauyensu, za mu kuwa riƙe masa amana. Ga abin da ya ce a taƙaice. 'Yan Boko Haram sun shiga ƙauyensu da dare suka sa wuta, kowa ya gudu da abin da ke jikinsa. Shi da iyalinsa suka sauka a Mokolo wurin wani danginsu. Bayan mako biyu yunwa ta matsa, sai ya koma da rana shi kaɗai domin ya duba ko wani abu ya ragu. Nasa rumbun ya zama toka. Na maƙwabcinsa kuwa yana tsaye, jinkar kaɗai wuta ta ci, dawa tana ciki. Ba kowa a garin sai karnuka. Ya cika buhu biyu ya ɗaure a kan keke, ya kuma kora awaki biyu da ya tarar suna yawo, ya kuwa san sarai na maƙwabcin ne. Suka ci dawar, ya sayar da awakin. Yanzu shekara ta zagayo. Maƙwabcin yana zaune a Koza, sun sha haɗuwa a kasuwa, mutumin yana ta cewa 'yan ta'adda sun kwashe masa kome. Ɗan'uwan nan ya rufe wasiƙarsa da cewa: "Malam, ni ɓarawo ne? Da ban ɗauka ba, wani zai ɗauka. Amma tun daga ranar na kasa zuwa teburin Ubangiji."

Ɗan'uwana, na gode maka da ka rubuto. Ka yi haƙuri ka bi mu har ƙarshe, gama amsarka tana cikin Maganar Allah, kuma ba kai kaɗai kake bukatarta ba.

Mu mutanen arewacin Kamaru mun san masifa iri iri. A daminar 2012 ruwa ya yi yawa har aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo, kogin Binuwai ya cika ya batse, ya shiga unguwannin Garwa da ke kusa da gaɓa, ya bi ta Yola har Makurɗi da Lokoja. A 2012 ɗin kuma ruwan Logon da na tafkin Maga ya kori mutanen Mayo Danay daga gidajensu. A 2013 aka buɗe sansanin Minawawo kusa da Mokolo saboda 'yan gudun hijira daga Jihar Barno, daga baya namu ƙauyukan na kan iyaka, wajen Moskota, su ma suka watse. A 2022 da 2024 ruwa ya sāke cin Yagwa da Kuseri. Ko ruwa ne, ko wuta, ko bindiga, abu guda yakan biyo baya. Katangu sukan faɗi, ƙofofi su kwana a buɗe, masu gida su yi nisa, jandarma da 'yan sanda kuwa aiki ya fi ƙarfinsu, wani lokaci nasu gidajen ma suna cikin ruwa. Sai mutum ya ga kansa shi kaɗai a gaban kayan da ba nasa ba.

Har katangar gidan yari takan faɗi. A ranar 10 ga Satumba 2024, bayan madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya rushe katangar gidan yari, hukumar gidajen yari ta Najeriya ta sanar cewa fursunoni 281 sun ɓace. A ƙasar Haiti, ranar 12 ga Janairu 2010, girgizar ƙasa ta fasa babban kurkukun birnin Port-au-Prince, fursunoni wajen 4,000 suka fice. Ba wanda ya yi mamaki. Haka ɗan adam yake yi in ƙofa ta buɗe. Amma Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin wani kurkuku da girgizar ƙasa ta buɗe, aka wayi gari ba fursuna ko ɗaya da ya gudu.

Abin da ya faru a Filibi

Filibi birni ne a ƙasar Makidoniya, a arewacin Girka ta yau, Romawa ne kuma suke mulkinsa. Bulus, yana tare da Sila, ya fitar da aljani daga wata baiwa wadda iyayengijinta suke samun kuɗi da dubanta. Da masu ita suka ga hanyar cinsu ta toshe, suka ja bayin Allah zuwa gaban mahukunta, suka zuga jama'a. Ba a yi bincike ba, ba a kira shaidu ba. Aka tuɓe su, aka yi musu dūkan tsiya da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, yari ya sa ƙafafunsu a turu.

Da tsakar dare suna addu'a suna yabon Allah, sauran fursunoni suna ji. Sai ƙasa ta girgiza har tushen ginin ya motsa, dukan ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙin kowa suka kwance. Yari ya farka ya ga ƙofofi a buɗe, ya zare takobi zai kashe kansa. Ya san dokar da yake aiki a ƙarƙashinta: mai tsaron da fursunansa ya tsere, ransa ne zai biya. Mun ga haka a sura 12, inda Hirudus ya sa aka kashe masu gadin Bitrus. Amma kafin takobin ya taɓa jikinsa, Bulus ya ɗaga murya daga cikin duhu ya hana shi, ya shaida masa cewa ba wanda ya fita.

Ku dubi wannan al'amari da kyau. In akwai wanda yake da hujjar gudu a daren nan, Bulus ne. Ba shi da laifi. An zalunce shi. Bayansa yana zubar da jini. Yana cikin addu'a ƙofar ta buɗe, da ya iya cewa wannan amsar addu'a ce. Wani zai ce, ai Bitrus ya fita. Gaskiya ne, amma Bitrus mala'ika ne ya tashe shi ya umarce shi ya bi shi. Bulus bai sami irin wannan umarni ba. Abin da ya gani shi ne ƙofa a buɗe, da kuma mutum guda wanda zai mutu in an bi ta ƙofar. Saboda haka ya zauna.

Ga tambayar da nake so kowa ya riƙe yau. In masifa ta buɗe maka ƙofa, kafin ka sa ƙafa ka tambayi kanka: wa zai biya? Ba abin da mutum yake ɗauka a ranar masifa wanda ba wani ne zai biya ba, kuma sau da yawa mai biyan shi ne wanda masifar ta riga ta kayar. Bari mu ɗora wannan tambaya a kan mutane iri uku.

Na ɗaya: wanda ya tarar da kaya ba mai tsaro

Mukan ba abin suna mai daɗi. Mukan ce tsintuwa ce, ko rabo ne, ko kuwa ruwa ne ya kawo. Kwanon rufi ya biyo ruwa ya tsaya a gonarka. Tunkiya ta shigo garkenka bayan gudu. Keken ɗinki yana zaune a ɗakin da bangonsa ya zube. Zuciya takan ce, faɗuwar wani tashin wani.

Allah ya riga ya yi magana a kan wannan. A Maimaitawar Shari'a 22 ya umarci Isra'ilawa cewa wanda ya ga san ɗan'uwansa ko tunkiyarsa ta ɓace, kada ya kau da kai, ya mayar masa. In mai ita yana nesa, ko ba a san shi ba, sai a kai ta gida a kiwata har ranar da ya zo nema. Dokar ta haɗa da jaki, da riga, da kowane abin da ya ɓace. A Fitowa 23:4 kuwa har dabbar maƙiyinka aka ce ka mayar. Wato nisan mai kaya ba ya mai da kayansa naka. Abin da nisansa ya mai da kai shi ne mai ajiya.

Annabi Obadiya ya kawo ƙarar Allah a kan mutanen Edom. Ba su ne suka rushe Urushalima ba, baƙi ne suka rushe ta. Laifin Edom shi ne, da suka ga katangar 'yan'uwansu ta faɗi, suka shiga ta ƙofar suka miƙa hannu ga dukiyarsu a ranar wahalarsu. Allah ya lissafta su tare da maharan. Wannan magana tana da nauyi. Mai sa wuta da mai kwashe abin da wuta ta bari, a wurin mai gida asara ɗaya suka jawo masa.

Wani zai ce, Malam, ba ka san yunwa ba. Allah ya san ta. A Maimaitawar Shari'a 23:24-25 ya yarda matafiyi ya tsinki inabi ko zangarniya a gonar maƙwabcinsa ya ci ya ƙoshi, amma ya hana shi zubawa a jaka ko sa lauje. Karin Magana 6:30-31 ta ce mutane ba sa raina wanda ya yi sata saboda yunwa, duk da haka in an kama shi sai ya biya. Uban da ya ɗebi hatsi domin 'ya'yansa kada su mutu, Allah yana dubansa da jinƙai. Sai dai abin da ya ɗiba bashi ne a wuyansa. Ranar da ya haɗu da mai hatsin ya yi shiru, a ranar ne bashin ya zama sata.

Kada mai saye ya ce shi ba ruwansa. Kana ganin ƙofar ƙarfe, ko kwanon rufi mai alamar wuta, ko akuya ana sayarwa a rabin kuɗinta, ka kuwa san daga ƙauyen da aka watse ta fito. In ba mai saye, ɓarawo ba zai sha wahalar ɗauka ba. Haka kuma ɗan kasuwar da ya rufe shagonsa da hatsi yana jiran hanya ta yanke domin ya ninka kuɗi, da mai kwalekwalen da ya ga mata da yara a kan tudu ruwa yana hawa, ya ce sai an biya shi ninki biyar. Jandarma ba za su kama su ba. Amma Karin Magana 11:26 ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar.

Na biyu: wanda aka danƙa wa mabuɗi

Yarin Filibi yana da mabuɗi a hannu. A ranar masifa mutane da yawa sukan sami mabuɗi: lawan da jauro masu rubuta sunaye, ma'aikacin da ke tsaron ɗakin ajiya, fasto da dattawan ikkilisiya, shugabar zumuntar mata. Shinkafa da bargo da tabarma da gidan sauro sukan zo da sunan waɗanda suka rasa kome. A nan ake yin satar da ba ta bukatar tsallake katanga. A rubuta sunan ƙanin mata wanda ruwa bai taɓa gidansa ba. A rage mudu ɗaya a kowane buhu. A ce wa gwauruwa ta dawo gobe, goben kuwa ba ta zuwa. Bayan kwana uku sai a ga buhunan a kasuwa da tambarinsu.

'Yan'uwa, ina faɗa da baƙin ciki, wannan ba a wajen majami'a kaɗai yake faruwa ba. Ku dubi yadda Bulus ya yi da gudummawar da ikkilisiyoyi suka tara domin matalautan Urushalima. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya nuna cewa bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. Ikkilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai yi tafiya tare da su, domin kada kowa ya sami abin zargi, gama yana so abin ya zama daidai a gaban Allah da gaban mutane. In manzo bai ce a amince da shi kawai ba, kai wane ne? A ƙirga buhuna a gaban jama'a. A karanta sunaye da ƙarfi. Mutum biyu ko uku su sa hannu a takarda, a sa mata a cikinsu. Kada kuma a tambayi mai yunwa addininsa ko ƙabilarsa. Ruwan da ya shiga Garwa bai tambayi wane ne Kirista wane ne Musulmi ba, bai bambanta Bafulatani da Bahaushe da mutumin Mafa ba.

Yanzu ina magana da ku masu kaki, gama na san da yawa a cikinku kuna sauraronmu a bariki da bakin hanya. Romawa 13:4 ta kira mai riƙe da iko bawan Allah. Muna girmama ku. Mun san sojojin BIR, rundunar da aka kafa tun farko domin yaƙi da zargina masu tare hanya, da sauran sojoji da jandarma, da yawa sun ba da ransu a kan iyaka. Mun san 'yan sintirin ƙauyuka waɗanda suke kwana a waje da baka da adda, waɗansunsu sun mutu suna tare masu ɗauke da bam domin kada su kai kasuwa. Allah ba zai manta da wannan ba.

Amma ku ji abin da Yahaya Mai Baftisma ya faɗa wa sojojin da suka tambaye shi abin da za su yi. A Luka 3:14 ya ba su abu uku: kada su ƙwace da ƙarfi, kada su ɗora wa kowa laifin ƙarya, su kuma gamsu da albashinsu. Mutumin da ya iso shingenka ba katin shaida, mai yiwuwa ne katin ya ƙone tare da ɗakinsa, ko ruwa ya tafi da shi. Ka bincike shi, wannan aikinka ne. Amma in ka karɓi kuɗin da ya rage a aljihunsa kafin ka bar shi ya wuce, ka gama masa abin da masifa ta fara. Kai da aka sa ka tsare gidajen da mutane suka bari, kada a ga kayansu a ɗakinka.

Bulus da ya ƙi gudu da dare, shi ne kuma ya ƙi fita a ɓoye da safe. Da mahukunta suka aiko a sake su, ya ce an dūke su a fili ba tare da shari'a ba alhali suna da 'yancin Romawa, saboda haka sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Mai bi yana biyayya ga hukuma, yana kuma da iko ya tuna wa hukuma dokarta cikin ladabi. A Kamaru, dokar shari'ar laifuffuka da aka fara aiki da ita a 2007 ta sa wa tsare wanda ake tuhuma da laifi na yau da kullum iyakar awa 48, ba a ƙarawa sai bisa ƙa'ida. In an kama ɗan ikkilisiyarku ko maƙwabcinku, dattawa su je su tambayi dalili. Masifa ba ta soke doka a kan talaka, ba ta kuma soke ta a kan mai kaki.

Na uku: taron jama'a da sanda a hannu

Kada mu manta yadda Bulus da Sila suka shiga kurkuku. Mutum kaɗan ne suka yi ƙara saboda kuɗinsu, suka ce waɗannan baƙi ne masu ta da hankalin gari, sai jama'a suka ɗauka. A cikin taron nan, mutum nawa ne suka san abin da ya faru?

Bayan masifa zukata sukan yi zafi, barci ya yi kaɗan, jita-jita ta yi yawa. Wani ya yi ihu, ɓarawo, ɓarawo, kafin a ce me ya sata an riga an fasa masa kai. Wa aka fi saurin nunawa da yatsa? Baƙo, da ɗan gudun hijira, da yaron da ba ya jin harshen garin, da mai taɓin hankali. Wannan ba halin ƙasarmu kaɗai ba ne. A Amurka, a 2005, guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans. Labarai suka bazu cewa ana ta kashe-kashe a filin wasan da mutane suka fake, daga baya bincike ya nuna yawancin labaran ba gaskiya ba ne. Cikin wannan tsoro, a kan wata gada mai suna Danziger, 'yan sanda suka harbi mutum shida waɗanda ba su da makami, biyu suka mutu. Shekaru bayan haka kotu ta ɗaure waɗansu daga cikin 'yan sandan. In jita-jita ta iya sa horarrun ma'aikata su yi haka, ina ga taron matasa masu fushi da dare?

Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce ba a tabbatar wa mutum laifi da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Ko da an kama mutum da kaya a hannu, ba a ba ka takobi ba. A riƙe shi, a kai shi wurin lawan ko jandarma. Na san abin da za ku ce: mun sha kai su, gobe sai mu gan su a kasuwa. Wannan ciwo ne na gaske, sai dattawan gari da na ikkilisiya su bi maganar har gaban manya, su yi ta bi. Amma akuya ana biyanta, rai kuwa ba a mayar da shi. Ran da aka gane cewa yaron da aka kashe ba shi ne ba, wa zai biya? Ya mai bi, in ka ji ihu, ka zama muryar da ta fito daga cikin duhu a Filibi ta tsai da takobi. Mutum ɗaya mai furfura da ya tsaya a tsakani ya ce a dakata, ya sha ceton rai.

Amsa ga ɗan'uwanmu na Mokolo

Ɗan'uwana, ka tambaye ni ko kai ɓarawo ne. Ba zan ruɗe ka ba. Dawar da 'ya'yanka suka ci, yunwa ce ta kai ka, Allah ya gani. Amma awakin da ka sayar, da shirun da ka yi shekara guda kana jin maƙwabcinka yana ɗora wa waɗansu abin da ke hannunka, wannan zunubi ne. Ka ce da ba ka ɗauka ba wani zai ɗauka. Mai yiwuwa ne. Da wannan ya zama nasa laifin, yanzu kuwa naka ne. Nauyin da ya hana ka zuwa teburin Ubangiji, kada ka ƙi shi. Ruhu Mai Tsarki ne yake ƙwanƙwasa maka, alama ce kuma cewa Allah bai rabu da kai ba.

Ka dubi yarin Filibi. Ya shigo da fitila yana rawar jiki, ya tambayi yadda zai sami ceto, aka nuna masa Ubangiji Yesu, ya ba da gaskiya shi da gidansa. A cikin daren nan, kafin gari ya waye, ya ɗebo ruwa ya wanke raunukan mutanen da shi da kansa ya sa a turu, ya kuma ba su abinci. Zakka ma da Yesu ya shiga gidansa, ya tashi tsaye ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Tuba ta gaskiya takan koma inda aka yi ɓarna ta gyara abin da zai gyaru.

Ga abin da za ka yi. Ka fara durƙusawa ka faɗa wa Allah abin da sunansa, gama 1 Yahaya 1:9 ta tabbatar mana cewa mai furta zunubinsa zai sami gafara. Sa'an nan ka sami fastonka ko wani dattijo mai riƙon asiri, ku tafi Koza tare. Ka faɗa wa maƙwabcinka gaskiya duka, buhu biyu da awaki biyu, kada ka rage. In ba ka da abin biya yanzu, ku sa lokaci a gaban dattijon, ka riƙa biya kaɗan kaɗan, ko da mudu mudu ne bayan girbi. Mai yiwuwa ya yi fushi. Mai yiwuwa ya faɗa wa mutane, ka ji kunya. Ka jure, kunyar yini ɗaya ta fi wannan kaya da kake ɗauke da shi. A Matiyu 5:23-24 Ubangiji ya ce mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa, ya fara zuwa su shirya, sa'an nan ya dawo. Ka lura, ya ce a dawo. Wurinka yana nan a teburin.

Kai kuma da za a zo wurinka da irin wannan magana, ko a Koza kake ko a wani gari, ka tuna yawan bashin da Allah ya yafe maka. Mutumin da ya tako da ƙafarsa ya tona kansa, kada ka mai da shi abin nuni.

Wataƙila kana karanta wannan, kai ma akwai kwano a kan rufinka, ko suna a takardarka, ko jini a sandarka, wanda ba wanda ya sani. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mai kaya na gaskiya shi ne Allah, ranarsa kuwa tana zuwa. Amma yau ranar alheri ce. Yesu ya mutu a tsakanin 'yan fashi biyu, ɗayansu ya amsa laifinsa ya roƙe shi, ya kuwa karɓe shi a ranar. Na ce kome aka ɗauka sai wani ya biya. Bashin da ke tsakaninka da Allah, Yesu ya biya shi da jininsa. Ka zo gare shi, sa'an nan ka tashi ka je wurin maƙwabcinka.

Tambayoyi domin bincike a gida ko a ƙungiya

1. Me ya sa Bulus bai ɗauki buɗewar ƙofa a matsayin izinin fita ba?
2. Akwai wani abu a gidana wanda na samu a lokacin wahalar wani? Me zan yi da shi a wannan mako?
3. In kayan taimako suka zo ikkilisiyarmu gobe, wane shiri muke da shi domin kada a zarge mu?
4. In na ji ana ihun ɓarawo a unguwarmu, me ya kamata in yi?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai gani cikin duhu, ba katangar da take ɓoye mu daga gare ka. Ka gafarta mana inda muka ci riba da hawayen 'yan'uwanmu. Ka ba ɗan'uwanmu na Mokolo ƙarfin hali ya tafi ya shirya da maƙwabcinsa, ka kuma tausasa zuciyar wanda zai karɓe shi. Ka ta'azantar da waɗanda ruwa da wuta da bindiga suka raba da gidajensu. Ka kiyaye sojoji da jandarma da 'yan sanda da 'yan sintiri, ka ba su hannu mai tsabta. Ka ba lamidonmu da lawanai da alƙalai da dukan mahukunta hikima su yi gaskiya. Ka sa ikkilisiyarka ta zama wurin da za a ajiye amana a same ta. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.